Daga Kejin Kogi Zuwa Ɗakin Jinya

Ɗakin gas ya kusan ɓacewa daga gidajen da ake tsare ɓatattun karnuka da kyanwoyi a Amurka. Shekaru hamsin da suka wuce, gidajen dabbobi da yawa suna da irin wannan ɗaki a can baya, nesa da idon baƙi: akwatin ƙarfe ko na siminti mai ƙofar da ke rufuwa ruf, inda ake zuba dabbobin da wa'adinsu ya cika, a sakar musu iska mai guba. Jihohi sun yi ta haramta shi ɗaya bayan ɗaya, Utah ta bi sahu a 2023, kuma wuraren da suka rage suna amfani da shi yanzu ba su taka kara sun karya ba. Abin da baƙo ya fi cin karo da shi a gidajen yau shi ne ɗakin keɓe marasa lafiya, da ledar ƙarin ruwa a rataye, da ma'aikaciya sanye da safar hannu tana auna zafin jikin kwikwiyo.

Tun asali ba don dabba aka gina waɗannan gidaje ba, don titi aka gina su. A ƙarni na 19 manyan birane cike suke da karnukan da ba su da mai su, mutane kuma suna tsoron ciwon haukan kare, wanda ba shi da rigakafi sai da Louis Pasteur ya fito da nasa a 1885. A 1877 hukumar New York tana da gidan tsare karnuka a bakin kogin East River. Ana biyan masu kamu kuɗi a kan kowane kai, don haka ba su damu da bambanta karen titi da na gida ba, har daga hannun mai shi sukan fizge. Karen da ya kwana biyu ba a zo fansarsa ba, sai a cusa shi da 'yan uwansa cikin babban kejin ƙarfe, a ɗaga kejin da inji, a nutsar cikin kogi, a ɗago bayan 'yan mintoci a zubar da gawarwaki, a sake cikawa. Jama'a kan taru suna kallo. A irin wannan wuri babu wanda zai tsaya tambayar ko kare yana da lafiya, tunda mai lafiyar ma kwanansa biyu.

A Landan ne aka fara gwada wata hanya. A 1860 wata mata mai suna Mary Tealby, wadda ita kanta ba mai hali ba ce, ta buɗe gida don ɓatattun karnuka da masu fama da yunwa a unguwar Holloway. Ana ba da labarin cewa abin da ya zaburar da ita wani kare ne da ƙawarta ta tsinta a galabaice, suka yi ta jinyarsa, bai tashi ba. Jaridar The Times ta yi mata ba'a, tana ganin wauta ce a gina wa karnuka gida a birnin da 'yan Adam ke kwana a titi, kuma wannan ƙorafi bai mutu ba har yau. Gidan ya koma Battersea a 1871, ya fara karɓar kyanwoyi a 1883, yana nan kuma da wannan suna. Sai dai ko a can, tausayi yana da iyaka. A 1884 likita Benjamin Ward Richardson ya ƙera wa Battersea ɗakin da ake sumar da karnuka da iska har su mutu ba tare da jin zafi ba, aka kuma karɓe shi a matsayin babban ci gaba. Haka yake a lokacin, idan aka auna shi da kejin kogi. A New York ma, da ƙungiyar ASPCA, wadda Henry Bergh ya kafa a 1866, ta karɓi aikin tsare karnukan birnin a 1894, abin da ta canza shi ne hanyar kisan. Kusan shekara ɗari, jinƙai ga ɓatacciyar dabba yana nufin a sauƙaƙa mata mutuwa.

Abin ya kai maƙura a shekarun 1970, lokacin da aka kiyasta cewa gidajen dabbobi na Amurka suna kashe tsakanin miliyan 12 zuwa 20 na karnuka da kyanwoyi kowace shekara. Waɗanda suka yi aiki a wancan zamani suna tuna daɓen siminti da kullum yake jiƙe, da warin fitsari haɗe da na bilic da ke bin tufafi har gida, da haushin da ke amsa kuwwa tsakanin bango da bango har mutum ba ya jin maganar na kusa da shi, da kwalin jariran kyanwa da ake tararwa a bakin ƙofa da asuba. Dabbar da ta yi atishawa ta gama yawo. Tsohon ma'aikaci yakan gane cutar distemfa daga kwantsar ido da majina mai kauri, ya ware mai ita nan take. Da cutar fabo ta ɓulla a 1978 ta bazu duniya cikin ɗan lokaci, sai suka koyi gane ta da hanci, domin zawon jinin da take sa kwikwiyo yana da wani ƙarni da ba a manta shi. Idan ta shiga layin keji, sau da yawa duka layin ake kashewa, a wanke, a fara daga farko.

Yana da sauƙi a kira waɗannan mutane marasa imani, amma lissafinsu ba na banza ba ne. Keji ɗari ne, dabbobi kuma suna shigowa kullum, kuɗin magani babu, mara lafiya ɗaya zai iya kwantar da hamsin. Akwai kuma wata tsohuwar ɗabi'a ta manoma da suka gada, wadda ke cewa barin dabba tana shan azabar da ba za ta tashi ba ragwanta ce, mai ita ne ya kamata ya daure ya kawo ƙarshen abin da hannunsa. Cikin wannan ɗabi'a akwai taurin zuciya, akwai kuma ɗaukar nauyi.

Ƙasar Hausa ba ta bi ta wannan hanya ba, domin ba ta gina gidan tsare karnuka irin na Turawa ta mai da shi al'ada ba. Akuya ko jakin da ya ɓata, gidan mai unguwa ko dagaci ake kai shi, a ɗaure, a yi cigiya a masallaci da kasuwa har mai shi ya zo da shaida. Kyanwa kuwa ta gida uku ce ko huɗu, tana tsallaka katanga, nan a zuba mata nono a sakaina, can a jefa mata kan kifi. Kowane yaro ya ji labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, kuma mazhabar Malikiyya ba ta ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba. A wasu ƙasashen Musulmi wannan koyarwa ta kai ga wakafi, kamar lambun da Sarkin Masar Baibars ya ware a Alƙahira a ƙarni na 13 don ciyar da kyanwoyin da ba su da gata. Amma jinyar dabba a wajen dattawa tana bin amfaninta ne. Doki yana da barga da mai kula da shi, saniya tana samun kanwa da jiƙon ɓawon maɗaci, ragon da ya kwanta ana gaggawar sa masa wuƙa kafin ya zama mushe. Karen da ƙazuwa ta cinye, in ya yi sa'a, a shafa masa baƙin mai, in bai yi ba yara su raka shi da jifa. Jakin da ya gama ɗaukar kaya shekara da shekaru, gyambo ya ci bayansa, sau da yawa bakin juji ake sakinsa, hankaki na sauka a kan mikin yana raye. Duk wanda zai yaba wa zamanin da, sai ya haɗa da wannan jaki a lissafi.

Abin da ya juya al'amarin a Amurka bai fara daga ɗakin jinya ba, ya fara ne daga rage haihuwa. Los Angeles ta buɗe asibitin gwamnati mai rahusa na fiɗiye maza da cire wa mata mahaifa a 1971, wasu garuruwa suka bi, har ya zama ba a ba da dabba ga sabon mai ita sai an yi mata wannan aiki. Aka zo da yi wa kowace dabba allurar rigakafi tun a bakin ƙofa ranar da ta shigo, da ƙaramar na'urar da ake sa wa ƙarƙashin fata mai ɗauke da lambar da ke kai wa ga mai dabbar, wadda Birtaniya ta wajabta wa karnuka a 2016. Da dabbobin da ke shigowa suka ragu, sai keji ya samu, lokaci ya samu. A San Francisco, Richard Avanzino ya janye ƙungiyar da yake shugabanta daga kwangilar kama dabbobi a 1989, sannan a 1994 ya ƙulla yarjejeniya da hukumar birnin cewa duk kare ko kyanwa mai lafiya za a nema masa gida. A wannan shekara attajirin manhajar kwamfuta Dave Duffield da matarsa Cheryl suka kafa gidauniyar da daga baya aka sa wa sunan karyarsu Maddie, suka zuba mata fiye da dala miliyan 300. Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta fara koyar da likitancin gidajen dabbobi a matsayin fanni mai zaman kansa a farkon shekarun 2000, kuma a 2004 shugabannin ƙungiyoyi suka haɗu a Asilomar suka amince a riƙa rarraba dabbobi kashi-kashi: mai lafiya, wadda za ta warke, wadda za a iya lallaɓa cutarta, da wadda babu abin yi. Wajen 2019, kiyasin ASPCA na dabbobin da ake kashewa ya sauko zuwa kimanin 920,000 a shekara, kuma akasari da allurar barci mai ƙarfi ake yi, dabba ɗaya a lokaci ɗaya.

Dabbar da aka kawo a galabaice yau, ana fara duba ko tana ɗauke da lambar mai ita, a auna nauyinta, a cire mata kaska da ƙuma, a ba ta maganin tsutsar ciki, a keɓe ta. Wadda yunwa ta rame ba a cika mata kwano, domin cin da ya wuce kima bayan doguwar yunwa yana iya kashewa, sai kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini. Kwikwiyo mai fabo babbar jinyarsa ita ce a riƙe shi da ƙarin ruwa, da maganin amai, da na kashe ƙwayoyin cuta, da ɗumi, har jikinsa ya ci ƙarfin cutar cikin mako guda ko makamancinsa. In ba a yi haka ba, mafi yawansu mutuwa suke yi. A Austin ta jihar Texas, ƙungiyar Austin Pets Alive ta ware sashe don wannan cuta kaɗai tun 2008, yawancin masu aikin 'yan sa-kai ne, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na dubban karnukan da suka kwanta a can sun tashi. Makero, wanda a da ya isa ya sa a kashe ɗaki guda na kyanwoyi saboda yana kama mutane, yanzu da magani na sha da wanka da ruwan farar wuta ake yaƙarsa. Ruwan yana warin baragurbin ƙwai, yana rina farar kyanwa ta koma ruwan ɗorawa, makonni kuma ake yi ana maimaitawa. Tsutsar zuciya, wadda sauro ke yaɗawa kuma ta yi katutu a jihohin kudu, takan kai tsawon santimita 30 a cikin jijiyoyin huhu da zuciyar kare. Allurai uku ake yi masa a tsokar baya, sannan a hana shi guje-guje na makonni, don kada gutsattsarin matattun tsutsotsi su toshe masa huhu. Tsare ƙosasshen kare wuri ɗaya har tsawon wannan lokaci ya fi allurar wuya.

Labarin da ya fi ban mamaki na wata cutar kyanwa ce da likitoci ke kira FIP, wadda ke cika cikin 'yar kyanwa da ruwa, kuma shekara da shekaru duk wadda ta kamu an san ba za ta yi rai ba. A 2019 Niels Pedersen na Davis ya wallafa gwajin wani sinadari mai suna GS-441524, ɗan uwan remdesivir da aka yi amfani da shi lokacin korona, mafi yawan kyanwoyin da aka gwada suka warke. Kamfanin da ya mallaki sinadarin bai fitar da shi don dabbobi ba, sai masu kyanwoyi suka koma sayensa ta bayan fage daga ƙasar Sin da tsada, suna yi wa dabbobinsu allura mai zafi da hannunsu kullum har makonni 12. Sai a 2021 likitocin Birtaniya suka sami damar rubuta shi a fili, na Amurka kuma a 2024.

Warkewa rabin aiki ce, domin keji ba wurin murmurewa ba ne: hayaniya da fargaba suna raunana garkuwar jiki, musamman ta kyanwa. Shi ya sa tsarin ya dogara ga riƙo, wato mutanen da ke ɗaukar dabba zuwa gidajensu na ɗan lokaci, gidan dabbobi yana biyan magani. Mariƙin jariran kyanwa marasa uwa yakan tashi duk bayan awa biyu ko uku ya ba su madara a kwalba, ya shafa musu ciki da ɗumin tsumma don su yi fitsari. Akwai ma masu karɓar tsohuwar dabbar da aka san ba za ta warke ba, don kawai ta ƙarasa kwananta a kan shimfiɗa. Bayan riƙo sai neman gida na dindindin, wanda intanet ta sauƙaƙa tun da aka buɗe shafin Petfinder a 1996, aka daina jiran sai mutum ya tako ƙafa ya zo ya duba keji.

Hausawa sun ce tsintacciyar mage ba ta mage, kuma Turawan da ma haka suka ɗauka, suna ganin dabbar gidan tsari ragowa ce da wani ya ƙi. Gwajin da ya fi girgiza wannan zato shi ne na karnukan ɗan wasa Michael Vick, kimanin 50 da aka ƙwace a Virginia a 2007 daga wurin da ake horar da su faɗa. Al'ada a lokacin ita ce a kashe irinsu gaba ɗaya. Kotu ta yarda a duba su ɗaya-ɗaya, aka raba 47 ga ƙungiyoyi, 22 da suka fi jin jiki aka kai su gandun Best Friends a Kanab ta Utah. Da yawa sun shiga gidaje sun zauna lafiya da iyali. Wasu kuma tsoro bai taɓa sakinsu ba, a gandun suka tsufa suka mutu, wanda ke nuna karin maganar ba ta faɗi ƙasa warwas ba. Gidan dabbobi na gari yana gaya wa mai ɗauka gaskiyar cutar da halin dabbar da kuɗin da za ta ci kafin a sa hannu, domin kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma kare mai ciwon suga allura biyu yake buƙata kullum har ƙarshen ransa.

Ribar a bayyane take, amma ba kyauta aka same ta ba. Kejin da mara lafiya ya riƙe wata biyu, keji ne da aka hana wasu. Gidajen da suka yi alkawarin ba sa kisa sukan rufe ƙofa idan sun cika, su sa mutane a layin jira, dabbar da aka mayar kuma ba ta shiga lissafin kowa, ko da a bakin hanya ta ƙare. Kare da ya shekara a keji yakan fara zagaye wuri ɗaya yana cizon ƙarfe, ya lalace ta hanyar da allura ba ta gyarawa. Wani lokaci tausayin kansa ne ke zama cuta: a 2012 an kwashe kyanwoyi kusan 700 daga wani gandu a Florida da aka kafa da sunan ceto, yawancinsu cikin ciwo ba magani. Hukuncin da dattijon manomi ke yankewa cikin yini guda, yanzu ana iya jan sa makonni saboda tsoron surutun jama'a, dabbar kuwa ita ke biya.

Kuɗi ma ya shigo da wani rashin adalci da ba a cika faɗa ba. Jinyar fabo a asibiti mai zaman kansa takan haura dala dubu. Talakan da ba zai iya biya ba yakan sallama karensa ga gidan dabbobi yana hawaye, a yi wa karen magani da kuɗin masu taimako, a ba wa wani mai hali. Wasu gidaje sun gane wannan, sun fara biya wa mai dabbar magani ya koma da abinsa, wanda ya fi arha ga kowa. Safarar dabbobi daga nesa ita ma ta zo da nata. Karnukan titi da ake kwasowa daga Romaniya zuwa Birtaniya sun shigo da cututtukan da ba a saba gani a can ba. Amurka kuwa, bayan an sami karnuka masu ciwon hauka cikin waɗanda ƙungiyoyin ceto suka shigo da su daga Masar da Azabaijan, ta dakatar da shigo da karnuka daga ƙasashe fiye da 100 a 2021, har da Nijeriya. Ciwon haukan kare yana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma a irin waɗannan wurare yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnuka rigakafi ya fi gina ɗakin jinya ceton rayukan mutane da na karnukan kansu.

Tun bayan annobar korona gidajen dabbobi na Amurka sun sake cika, tsadar haya da ta likita ta sa mutane suna sallama manyan karnuka, masu ɗauka kuma sun ragu, har kisa ya ɗan ƙaru a wasu garuruwa. Ma'aunin da aka saba yanzu shi ne gida ya fitar da kashi 90 cikin ɗari na dabbobinsa da rai, sai a ce ya kai matsayin wanda ba ya kisa. Wannan adadi ya yi amfani, domin ya tilasta wa hukumomi buɗe littattafansu, amma shi kaɗai bai isa shaida ba. Gidan da ya wallafa kashi 90 bai faɗi dabbobi nawa ya mayar daga ƙofa ba, da kwana nawa suke yi a keji, da nawa suka mutu a ciki ba a kai ga yi musu magani ba, rabin lissafi ya bayar.